Asid ɗin mai ko amayin: wanne ya dace da fosfet mai ƙarancin inganci?

Malam, na karanta tambayarka a tsanake. Ka ce kana da ma'adinin fosfet irin wanda ya taru a ƙarƙashin teku, awo ya nuna P2O5 (ma'aunin yawan fosfet) kashi 17 cikin 100, silika (yashi) kashi 25, MgO (ma'aunin magniziyam) kashi 4, CaO (ma'aunin kalsiyam) kuma wajen kashi 31, kana so ka tace shi ta hanyar kumfa har ya kai matsayin da masana'antar takin zamani za ta karɓa, kuma kana tambaya ko asid ɗin mai ya fi dacewa ko amayin. Amsata ita ce babu ɗaya daga cikinsu da zai kai ka shi kaɗai. Adadin fosfet ɗin da ke cikin dutsen ba shi ke zaɓar sinadari ba, tarkacen da ke manne da shi ne ke zaɓa, kuma naka tarkacen iri biyu ne da ba sa jin magani ɗaya.

Bari mu fara da lissafi, domin shi zai rage mana doguwar magana. Dolomayit, wato kabonet na kalsiyam da magniziyam, yana ɗauke da MgO wajen kashi 22, don haka kashi 4 ɗin da ka gani yana nufin kusan kashi 18 na dutsenka dolomayit ne, idan har magniziyam ɗin duk a cikinsa yake. Tsantsar afatayit, wato ma'adinin da ke ɗauke da fosfet ɗin, tana da P2O5 kashi 42, amma nau'in da ake samu a ma'adinan teku yakan tsaya ƙasa da haka saboda kabonet ɗin da ya shiga cikin ƙirarsa, sai mu ɗauka kashi 35, wanda ke nufin kusan rabin dutsen, wato kashi 49, fosfet ne. To, ka ɗauka ka cire silika gaba ɗaya ba tare da asarar komai ba, ka kuma cire sauran laka da ƙarfe: abin da ya rage kashi 67 ne, P2O5 ya hau zuwa 25, amma MgO ma ya hau daga 4 zuwa 6. Idan kuma dolomayit kaɗai ka cire, MgO zai sauka yadda ake so, sai dai P2O5 ba zai wuce 21 ba. Sai an cire su biyun ne ake taɓa kashi 30. Masu sarrafa fosforik asid kuwa sukan nemi P2O5 daga 28 zuwa sama da 30, MgO ƙasa da kashi 1, da rabon CaO bisa P2O5 da bai wuce 1.6 ba. Wannan lissafin na takarda ne, a zahiri ba a samun rabuwa mai tsabta haka, amma ya isa ya nuna cewa mataki ɗaya ba zai wadatar ba.

Yanzu mu ajiye sinadaran biyu gefe da gefe. Asid ɗin mai, wato oleyik asid da sabulunsa, da man tol wanda ake samu a matsayin rarar masana'antar takarda daga itacen fayin, da sabulun man waken soya ko na dusar shinkafa, duk aikinsu ɗaya ne: kan ƙwayar sinadarin yana haɗuwa da kalsiyam ɗin da ke fuskar ma'adini, jelarsa mai maiƙo kuma tana korar ruwa, sai ƙwayar ta manne da kumfar iska ta tashi sama. Riƙon yana da ƙarfi domin haɗuwa ce ta sinadari, kuma wannan ƙarfin shi ne alherinsa shi ne kuma matsalarsa, saboda afatayit da kalsayit (kabonet na kalsiyam) da dolomayit duk suna da kalsiyam a fuskarsu, asid ɗin mai kuwa ba ya bambanta su sosai a ruwa mai pH 9 zuwa 10 (pH ma'aunin tsamin ruwa ne: ƙasa da 7 tsami, sama da 7 alkali). Yana raba fosfet da silika da kyau, musamman idan an sa sodiyam siliket ya danne silikar ya kuma warwatsa laka, amma dolomayit zai biyo fosfet zuwa cikin kumfa.

Amayin kuma ta wata fuska yake aiki. Yana ɗauke da cajin lantarki irin na fozitib, fuskar silika kuwa tana ɗauke da caji kishiyarsa da zarar pH ya wuce 2 zuwa 3, don haka jan juna ne na lantarki, ba haɗuwa mai zurfi ba. Shi ya sa yake aiki cikin sauri, ba ya buƙatar dogon kwaɓi, kuma ɗan kaɗan ke isa: inda asid ɗin mai kan ci daga rabin kilo zuwa kilo ɗaya da rabi a kowane tan, amayin kan tsaya a giram ɗari zuwa ɗari uku, ko da yake farashinsa a kilo ya fi na asid ɗin mai nesa. Da shi silika ce ke tashi, fosfet ya zauna a ƙasa. Rauninsa laka ce. Ƙananan ƙwayoyin yumɓu suna da faɗin fuska mai yawa kuma cajinsu irin na silika ne, sai su shanye amayin kafin ya kai ga yashin da aka nufa, su kuma haifar da kumfa mai yauƙi da ba ta fashewa, wadda ke cika magudanai ta hana famfo aiki. Haka kuma afatayit kansa yana ɗaukar caji irin na silika a ruwa mai tsaka-tsaki ko mai alkali, don haka idan aka zuba amayin fiye da kima, ƙananan ƙwayoyin fosfet su ma za su bi kumfa su tafi. Game da dolomayit kuwa, amayin ba ya yi masa wani abin kirki, zai bar maka shi a cikin tataccen ma'adinin.

Ka ga ke nan a kan dutsenka su biyun suna kai wa wuri ɗaya, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa: silika ta fita, magniziyam ya zauna. A wuraren da tarkacen silika ne zalla, haɗa su biyun ya daɗe da zama hanyar da aka yarda da ita. A Fulorida ta Amurka, tun bayan da Arthur Crago ya yi rajistar hanyarsa a 1942, ana wanke laka a zubar da abin da ya gaza maikiron 105 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), a yi wa sauran kwaɓi mai kauri sosai da asid ɗin mai da baƙin mai, a taso da fosfet tare da ɗan yashi, sannan a wanke maiƙon da salfiyurik asid, a ɗauraye, a ƙarshe a sa amayin ya kwashe ragowar yashin. Na kawo wannan misali ne domin mutane da yawa suna kwafo shi kai tsaye, alhali an gina shi ne a kan dutsen da dolomayit ɗinsa kaɗan ne, kuma ko a can, da haƙa ta gangara kudu inda magniziyam ya fi yawa, hanyar ta fara gazawa. Akwai kuma tsadar da ba a cika faɗa ba, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na fosfet ɗin yana tafiya tare da lakar da aka zubar.

Abin da ke raba dolomayit da fosfet a yawancin masana'antu shi ne asid ɗin mai ɗin nan dai, amma a ruwa mai tsami, tsakanin pH 4 da 5.5, tare da fosforik asid ko salfiyurik asid a matsayin sinadarin dannewa. A wannan yanayi fuskar afatayit tana lulluɓuwa da fosfet na kalsiyam ko da jifsam, ta koma mai son ruwa, sinadarin kamu, wato wanda ke manna ƙwaya da kumfa, ya kasa zama a kanta, fuskar dolomayit kuwa tana narkewa a hankali tana sabunta kanta tana fitar da ƙananan kumfar iskar kabon, sai asid ɗin mai ya kama ta ta tashi. Da wannan hanyar ake tace yawancin ma'adinan lardunan Guizhou da Yunnan da Hubei na ƙasar Sin, kuma a Jhamarkotra ta jihar Rajasthan a Indiya ma ana amfani da ita bayan an fara taso da fosfet da kabonet tare.

A nan ma akwai zaɓi tsakanin asid biyu, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Fosforik asid ya fi iya dannewa, yana ba da sakamako mai tsabta, kuma ba ya toshe bututu, amma tsadarsa tana da yawa, domin shi ne ainihin kayan da ake son samarwa daga ƙarshe. Salfiyurik asid ya fi araha ƙwarai, sai dai yana haɗuwa da kalsiyam ya zama jifsam wanda ke daskarewa a jikin bututu da tankuna da fukafukan juyi, kuma idan pH ya faɗi ƙasa da kima yana narkar da fosfet ɗin kansa. Shi ya sa masana'antu da yawa ke gauraya su, ko su yi amfani da ruwan tsami da ke fitowa daga masana'antar asid idan tana kusa, tunda wannan ruwan yana ɗauke da fosfet a narke. Ni a ganina gwajin farko ya kamata a yi shi da fosforik asid zalla domin a san iyakar abin da dutsen zai iya bayarwa, sannan a riƙa maye gurbinsa da salfiyurik kaɗan-kaɗan har a ga inda sakamakon ya fara lalacewa. Ka kuma tabbatar cewa kabonet ɗinka dolomayit ne, ba kalsayit ba, domin kalsayit ya fi saurin cin asid, tan ɗaya nasa yana iya cinye kusan tan ɗaya na salfiyurik idan ya narke duka, kuma riƙe pH a wuri ɗaya yakan yi wuya idan yana da yawa. Adadin CaO ɗin da ka ba da ya yi daidai da fosfet da dolomayit kawai, wanda alama ce mai kyau, amma awon ma'adinai ne zai tabbatar.

Tunda matakai biyu ake buƙata, ainihin kwatancen da ya shafe ka shi ne tsakanin tsari biyu. Na farko, a fara da asid ɗin mai a ruwan alkali, da tokar soda da sodiyam siliket, a taso da fosfet da dolomayit a bar silika a ƙasa, sannan a tsamama ruwan a taso da dolomayit a bar fosfet. Na biyu, a fara da ruwa mai tsami a taso da dolomayit, sannan a ɗaga pH zuwa tsaka-tsaki a sa amayin ya taso da silika, fosfet kuwa yana zaune a ƙasa tun daga farko har ƙarshe.

Tsarin farko yana ɗaga kaya mai yawa. A dutsenka kashi 67 ne zai bi kumfa a matakin farko, kuma duk abin da aka ɗaga sai an biya kuɗin sinadarin da ya ɗaga shi. Tokar soda tana tafiya da yawa, sannan a dawo a kashe alkalin da asid, wato ana biyan kuɗi sau biyu domin hawa da saukar pH. Asid ɗin mai kuma ba ya son sanyi, oleyik asid yana fara daskarewa a wajen digiri 13 na Selsiyas, kuma aikinsa yana raguwa tun kafin a kai nan, har ta kai wasu masana'antu suna ɗumama kwaɓin da tururi. Ruwan da ake sake amfani da shi dole a raba shi gida biyu, domin ruwan matakin tsami yana ɗauke da fosfet a narke, idan ya koma matakin farko zai danne afatayit a daidai inda ake son ya tashi. Duk da haka tsarin yana da haƙuri. Yana jure laka fiye da amayin, yana aiki a kan dutsen da aka niƙa sosai, dangin sinadarin kamu ɗaya ne a matakan biyu don haka ba sa faɗa da juna, kuma ƙarfe da alminiyam da ke cikin yumɓu sukan zauna tare da silika su fita.

Tsari na biyu yana ɗaga kashi 43 ne kawai, a matakai biyu, kuma ya bi ƙa'idar da masu wannan aiki suka sani ta taso da kaɗan a bar mai yawa. Ba ya buƙatar tokar soda mai yawa, matakin amayin ba ya damuwa da sanyi sosai, kuma tataccen fosfet ɗin da ke fitowa daga ƙasa ba shi da maiƙo a jiki, don haka ya fi sauƙin tsanewa a matata, kuma ba ya kai maiƙon da ke tayar da kumfa a tankin masana'antar asid. Manyan ƙwayoyin fosfet da suka yi wa kumfa nauyi, waɗanda a tsarin farko za su ɓace tare da silika, a nan suna zama cikin kayan da ake so. Amma ba ya yafe kuskure. Ragowar asid ɗin mai daga matakin farko, idan ba a wanke ta ba, tana haɗuwa da amayin su kashe juna saboda cajinsu kishiyoyi ne. Dole a cire laka kafin matakin amayin, kuma duk fosfet ɗin da ke cikin wannan lakar asara ce sai an nema masa wata hanya. Manyan ƙwayoyin silika kuma, waɗanda suka yi wa kumfa nauyi, za su zauna su rage ingancin kayan.

Abin da zai yanke hukunci tsakaninsu shi ne girman da ƙwayoyin ke rabuwa da juna, kuma wannan ne abin da tambayarka ba ta ƙunsa ba. Idan madubin ƙara girma ya nuna cewa fosfet yana rabuwa da silika da dolomayit a maikiron 75 zuwa sama, kuma cire abin da ya gaza maikiron 20 ba zai tafi da fosfet mai yawa ba, to ni tsari na biyu zan bi, na kuma zaɓi nau'in amayin da ake kira ether amine a Turance, wanda yake ruwa-ruwa, ya fi narkewa, kuma kumfarsa ta fi saurin fashewa fiye da ta amayin ɗin kitse, a riƙa zuba shi kashi-kashi a tankuna daban-daban maimakon a zuba gaba ɗaya. Idan kuwa dutsen irin mai cakuɗewa ne wanda sai an niƙa shi ƙasa da maikiron 40 kafin ya rabu, to kusan duk kwaɓin ya zama laka ke nan, amayin zai wahalar da kai, gara ka ɗauki tsadar tsarin farko. A kowane hali matakin cire magniziyam shi ne wanda ba a sasantawa a kansa, domin silika ba ta cin asid, nauyi kawai take ƙarawa da goge injina, kaɗan daga cikinta ma tana da amfani wajen kama fulorin, amma magniziyam yana kaurara fosforik asid, yana hana jifsam tacewa da kyau, kuma yana rage ingancin takin da za a yi.

Za ka ji ana ambaton sitaci da wasu sinadaran kamu na musamman, kuma suna da gurbinsu, sai dai gurbin ba naka ba ne kai tsaye. A Burazil, a ma'adinai irin na Cajati da Araxá, ana dafa sitacin masara da kostik soda a danne kabonet da ma'adinan ƙarfe, a taso da afatayit da asid ɗin mai. A Siilinjärvi ta Finland ana ɗaukar dutsen da P2O5 ɗinsa wajen kashi 4 ne kawai a kai shi sama da 35 da sinadarin kamu na dangin sakosin. Waɗannan duk duwatsu ne da suka samo asali daga narkakken dutse, afatayit ɗinsu yana da ƙira cikakkiya da fuska mai santsi, kuma ya bambanta da kalsayit ɗin da ke kewaye da shi. Fosfet ɗin teku kuwa yana da ramuka, fuskarsa tana da faɗi tana shan sinadari, kuma kabonet ɗin da ke cikin ƙirarsa yana sa ya yi kama da tarkacen da ake son raba shi da su. Misalin Finland ɗin shi ne hujja mafi ƙarfi cewa ƙarancin inganci ba shi ne wahala ba: dutse mai kashi 4 yana iya fin mai kashi 17 sauƙin tacewa. A Maroko da Saudiyya, inda fosfet ɗin na teku ne, taso da tarkace a bar fosfet a ƙasa shi ne abin da aka fi bi.

Sai maganar ruwa, wadda nake ganin ita ce ta fi ɓata sakamakon ɗakin gwaje-gwaje idan an zo masana'anta. Kalsiyam da magniziyam da ke narke a ruwa suna haɗuwa da asid ɗin mai su zama dunƙulen sabulu marar amfani, kuma suna zama a fuskar silika su sa ta kama sinadarin ta tashi tare da fosfet. Ma'adinanka uku kuwa, afatayit da dolomayit da jifsam ɗin da zai samu, duk suna ɗan narkewa, don haka ruwan da ya zaga sau biyar ba ɗaya yake da wanda aka fara da shi ba. Gwajin da aka yi sau ɗaya da tataccen ruwa ba ya faɗin gaskiya. A yi shi da ruwan da masana'antar za ta yi aiki da shi, a zafin da za a samu a lokacin da ya fi sanyi a shekara, kuma a riƙa mayar da ruwan da kayan da ba su gama tacewa ba cikin zagaye na gaba har sakamakon ya daidaita.

Idan ka zo kwatanta tayin masu sayar da sinadarai, kada ka tsaya a farashin kilo. Ka tara kuɗin sinadarin kamu da na asid da na soda da na tururi, ka raba da yawan P2O5 ɗin da ya shiga tataccen ma'adinin da ya cika sharaɗin MgO, sannan ka ƙara fosfet ɗin da ya tafi a laka a matsayin asara, domin an riga an biya kuɗin haƙo shi da niƙa shi. Ka tambaye su yawan oleyik da linoleyik da ke cikin asid ɗin mai da suke sayarwa, da yawan ƙaron itace idan man tol ne, tunda ƙaron yana ƙara kumfa ba tare da ya ƙara kamu ba, kuma kitse mai daskarewa ba ya aiki a sanyi. Ɗan ƙarin sinadari mai taimaka wa sabulu narkewa, kashi kaɗan a cikin asid ɗin mai, yakan rage yawan da ake buƙata a ruwa mai sanyi ko mai kalsiyam, kuma ya dace a saka shi cikin jerin gwaji.

Kafin ka sayi ko da ganga ɗaya, ka tace samfurinka gida-gida, sama da maikiron 150, da 150 zuwa 75, da 75 zuwa 38, da 38 zuwa 20, da abin da ya gaza 20, ka auna P2O5 da MgO da silika a kowane gida, ka kuma sa a duba rabuwar ƙwayoyin a madubi. Sau da yawa dolomayit mai laushi yakan taru a ƙananan gidajen, kuma idan naka haka yake, gogewa da wankewa kaɗai za su sauke MgO ɗin sosai tun kafin sinadari ya shiga, matakin tsamin ma ya yi sauƙi. Idan ka samu waɗannan alƙaluman ka kawo su, sai mu duba yawan asid da amayin da ya kamata a fara gwajin da su.